Mutum Uku da Suka Yi Shiru a Kan Cikin Sahura

To, ku matso kusa, masu gyangyaɗi su wartsake. Ga wata nan ta zo muku, amma ba ta dariya ba ce, kuma in ta ƙare ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wani ƙauye da ake kira Kukar Bako, tafiyar 'yar tazara daga gulbi, an yi wata mace mai suna Sahura. 'Yar fari ce wurin uwarta Tabawa, kuma kun san yadda al'adarmu take da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in magana ta kama sai dai ta jefa ta gefe ya tsinta. Tun da aka yaye Sahura kakarta ta ɗauke ta. Ita ta goya ta, ita ta yi mata kitso, ita ce kunnen da Sahura ke kai wa kuka, kuma ita ta tsaya aka aurar da ita ga wanda take so, wani masunci mai suna Isiyaku, mutumin Bakin Mashigi, ƙauyen da ke gaɓar gulbi inda ake ƙetarawa zuwa birni. Ba a daɗe da biki ba tsohuwar ta cika. Da tana raye, da wataƙila ba wannan labarin kuke ji ba.

Ciki ya zo wa Sahura da irin kayan da yakan zo da su. Ita matar masunci, sai ga shi ƙarnin kifi ya zama abokin gabarta, in Isiyaku ya shigo da kamun safe sai ta ruga bayan ɗaki tana yunƙurin amai. Ga tsartar da yawu, ga kasala, ga barci ko tana tsakiyar daka, fitsari kuwa ba a magana. Kwaɗayinta ya koma kan tsamiya da ɗata, abin da da ko kallo ba su ishe ta ba. Matan unguwa suna gani suna murmushi a gefen mayafi, ba mai cewa komai, ita ma ba ta ce ba. Cikin fari ne, kuma mai cikin fari ba ta faɗa da bakinta, sai dai ta yi ta jan zane tana rufe abin da kowa ya riga ya gani. Akwai ɗakin awo a ƙetaren gulbi. Isiyaku ya taɓa cewa ya kai ta, ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Awon me kuma, Malam? Ni lafiyata ƙalau." Ya yi dariya, ya bar zancen.

Da watannin farko suka wuce, laulayin ya lafa da kansa. Ta dawo cin abinci, ta yi haske, yaron cikinta ya fara shuri har tana jin kunyar kanta in ta yi murmushi ita kaɗai. Sai dai ta fito daga laulayin da wani darasi mara kyau. Ta ɗauka duk abin da ciki ya kawo, in mace ta cije ta yi haƙuri, zai wuce kamar yadda amai ya wuce.

Da cikin ya shiga wata na bakwai, a farkon damina, aka mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ɗakin kakarta yana nan, amma a rufe. Sahura ta sami kanta a gida ɗaya da uwar da ba ta iya kiran sunanta. Kada ku ɗauka Tabawa ba ta ƙaunarta. Tana ƙaunarta har cikin ƙashi. Ita ke dama mata fura mai kauri ta ajiye bakin ƙofa, ta juya baya ta ce wa iska, "An ajiye fura a nan, mai sha ya sha." Haka suke zaune, ƙauna a cike, baki a rufe.

Tabawa ce ta fara gani. Kumburin ƙafa da yamma bai dami kowa ba, wace mai ciki ce ba ta yi? Amma na Sahura bai tsaya a ƙafa ba. Ya hau hannu, har zoben azurfar da kakarta ta bar mata ya nutse cikin yatsa, awarwaro ya fara yanka tsintsiyar hannu. Da safe kuma ta fito da fuska a kumbure, idanu sun ƙanƙance kamar wadda ta kwana kuka. Tabawa ta san wannan fuskar. Ita ta gani a jikin ƙanwarta shekaru da yawa da suka wuce, kuma ƙanwar ba ta tashi daga wannan cikin ba. To amma ta yaya za ta kama hannun 'yar fari, ta dube ta a fuska, ta yi mata zancen ciki? Sai ta shiga kewaye-kewaye. Ta tsaya tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba tana cewa, "Wasu dai su rage cin gishiri, su riƙa ɗaga ƙafa in sun zauna." Kaji suka ci tsabarsu. Sahura ta ji, ta sunkuyar da kai, ta ɗauka faɗa ake mata don ta cika ci. Da abin ya ishi Tabawa ta sami mijinta ta ce, "Malam, 'yar nan taka fuskarta ba ta yi mini ba." Ya ce, "Ƙiba ce, hutu ta samu. Kuma matar mutum ce, in da wani abu ai mijinta zai faɗa." Ta koma madafa tana lallashin zuciyarta da cewa mijin Sahura yana zuwa duk ranar kasuwa, kuma yana da idanu.

Isiyaku kuwa yana zuwa, bai taɓa fashi ba. Yakan zo da bandar kifi a ƙunshe, ya durƙusa a zaure ya gaida surukai kai a ƙasa, sannan a bar Sahura ta fito su gaisa na ɗan lokaci. Zauren duhu gare shi, ita kuma a lulluɓe take, don haka kumburin da uwa ta gani shi bai gani ba. Amma shi aka gaya wa na kai. Sahura ta ce masa a hankali, "Malam, kaina ne ke sara, ba ya sauka ko na yi barci. Wani lokaci sai in ga wasu abubuwa suna walƙiya a idona, wani lokaci kuma in ga dishi-dishi." Hankalinsa ya tashi. Ya so ya ce a kai ta asibiti, har maganar ta zo masa baki, sai ya tuna inda yake. Mace in tana goyon ciki hannun miji a janye yake. Suruki ya buɗe baki a zauren surukai ya ce a kai matarsa asibiti, ai ya ce musu ba su iya riƙo ba ke nan. Sai ya bi ta kasuwa ya sayo ƙwayar ciwon kai a kemis, ya danƙa mata a ɓoye. Da wata kasuwar ta zagayo ya tarar ciwon ko gezau. Ya ce, "Kin gaya wa Inna?" Ta ce, "Ta yaya zan gaya mata?" Ya ce, "Inna ta haifa ta haifa. In da matsala za ta gane kafin mu." Ya koma bakin ruwa da damuwarsa, ya zuba ta cikin saƙar taru.

Ta uku ita ce Barira, ƙawar Sahura tun suna 'yan mata, wadda ta yi aure nan cikin Kukar Bako har ta yaye 'ya'ya uku. Mace ce mai baki da dariya, in ta shigo gida sai kowa ya san ta shigo. Ita kaɗai ce Sahura ke iya gaya wa abin da ke ƙarƙashin zane, shi ma sai da ta sa ta rantse ba za ta kai wa kowa ba. Ta nuna mata ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama ta ce nan ke mata ciwo, ba irin zafin ƙirjin da ta saba ba. Sannan ta rage murya ta ce yaron da ke tashinta da shuri in ta sha fura yanzu ya yi sanyi, sai ta daɗe tana saurare kafin ta ji ɗan motsi. Barira ta tafa hannu ta ce, "Ke dai baƙauyar ciki ce! Ƙwannafi ne, gashi ne da ɗan naki. Shirun kuma wuri ne ya yi masa kaɗan, nawa ma duk haka suka yi in haihuwa ta matso." Sahura ta ce, "Ko dai in je awon nan?" Barira ta ce, "Ki ƙetare gulbi da wannan tulun cikin saboda ƙwannafi? Ai sai su yi miki dariya." Suka yi dariyar su biyu, Sahura ta ji sanyi a ranta. A hanyar komawa gida Barira ta ɗan tsaya, don ta tuna nata 'ya'yan ba su taɓa yin shiru mai tsawo haka ba. Amma ta rantse, kuma ai uwar yarinya tana gida ɗaya da ita. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta wuce.

Kun ga yadda aka yi rabon. Uwa ta riƙe kumburi, miji ya riƙe ciwon kai da dishi-dishi, ƙawa ta riƙe ciwon haƙarƙari da shirun yaro, kowa yana jingine da wani. Mutum ɗaya ce ta san duka, ita ce Sahura, ita kuma ce ba ta san abin da suke nufi ba. Ta ba kowa abin da kunnensa zai iya ɗauka ba tare da an ji kunya ba, sauran ta haɗiye.

Wata rana da hantsi, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, Sahura na zaune bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗar miya. Ta ji kanta ya sara sarar da bai taɓa yi ba, tsakar gidan ta yi fari fat a idonta. Iyakar abin da ta sani ke nan. Sauran daga baya aka ba ta labari.

Ta faɗi tana jijjiga, idanu sun juye, kumfa na fita a baki, ta cije harshe. Kafin ka ce kwabo matan maƙwabta sun cika gidan. Wannan ta ce iska ne ya buge ta, waccan ta ce ai dama mai ciki ba ta zama bakin ƙofa. Wata ta rugo da kaskon garwashi da barkono a yi mata hayaƙi, wata ta kawo ƙoƙon jiƙo tana neman cokali a ɓamɓare haƙora a ɗura mata. Tabawa na tsaye daga nesa, inda uwar 'yar fari ke tsayawa. Ta ga ƙoƙon nan ya nufi bakin 'yarta, ta tuna haka aka ɗura wa ƙanwarta har ta shaƙe. Sai aka ji wata murya da ba a taɓa ji ba a gidan ta ce, "Sahura!" Tabawa ce. Ta yi fatali da kaskon da ƙafa, ta buge ƙoƙon, ta durƙusa ta juyar da 'yarta kan gefenta ta rungume kanta a cinya, ta hana kowa sa mata komai a baki. Da jijjigar ta lafa ta sa aka ciro ƙyauren ɗakin kaka, aka shimfiɗa ta a kai. Mijin Tabawa ya tare ƙofar zaure ya ce, "Ba a fitar da matar mutum ba da izininsa ba. A aika masa tukuna." Tabawa, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka kawo ta gidan, ta dube shi ta ce, "Matar mutum ce, Malam, amma ni na haife ta. Sahura 'yata ce. Matsa." Mata suka riƙe baki. Ya matsa. Da ta tsaya jiran izini, ko ta bari aka ɗura jiƙon nan, da a tsakar gidan labarin ya ƙare.

Samari suka ɗauki ƙyauren suka bi taɓo zuwa Bakin Mashigi, Barira na gefe tana tallafe da kan ƙawarta. A hanya jijjigar ta dawo, kuma suka ga jini ya fara ɓata zane. Gulbi kuwa ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. Masu fito duk sun ɗaure jiragensu, ba mai ƙetarawa. Isiyaku na zaune yana gyaran taru ya hango ƙyaure a kan mutane, ya ɗauka gawa aka kawo masa. Da ya ga tana numfashi ya nufi kwale-kwalen da ya gada wurin ubansa. Dattawan masu fito suka riƙe shi suka ce, "Yaro, ruwan nan ba na shiga ba ne yau. Za ka hallaka mutum huɗu." Ya ce, "Wanda ya tsaya nan ma ai hallaka yake kallo." Tabawa, da ba ta taɓa shiga jirgi ba, ta riga kowa shiga. Suruki da surukarsa gwiwa na gugar gwiwa, ba wanda ya tuna da kunya. Ya ce, "Inna, ki riƙe ta da kyau. Barira, ga ƙwarya, ki yi ta kwasar ruwa, kada ki dubi gulbi." Ya yi ta fama da filafili har tafin hannunsa ya ɗaye, ruwa ya ja su can ƙasa nesa da mashigi. Da ya ga ba inda za su tsaya, ya saita hancin jirgin kan wata bishiya da ta faɗo daga gaɓa, ya buga shi da gangan. Jirgin ya tsage. Ya saɓi matarsa a kafaɗa, ruwa iya ƙugu, Tabawa da Barira na biye da shi, ya hau da ita har bakin titi, ya tsaya tsakiyar hanya a gaban wata a-kori-kura mai ɗauke da buhuna har ta taka birki. Da bai shiga ruwan nan ba, da a gaɓa ta cika suna kallo.

A babban asibitin birni aka yi mata allurar da ta tsayar da jijjigar. Likita ya saurari cikin ya daɗe, sannan ya ce zuciyar yaron ba ta bugawa, mabiyiya ta rabu, jini na zuba ta ciki, sai an yi tiyata yanzu kuma sai an ƙara mata jini. Irin nata babu a ajiye. Aka gwada na Isiyaku bai yi daidai ba. Aka duba Tabawa aka ce ita kanta bai ishe ta ba. Aka gwada na Barira ya yi. To, a Kukar Bako ana cewa macen da ta ba da jini mahaifarta bushewa take yi, ba ta ƙara haihuwa. Ba gaskiya ba ne, amma Barira ta tashi tana ji, kuma ta yarda. Ga shi ba ta nemi izinin mijinta ba ko na fitowa daga gida, ga shi ita mai tsoron allura ce, ko 'ya'yanta ake yi wa sai ta rufe ido. Ta dubi ƙofar da aka shiga da Sahura, ta miƙa hannu ta ce, "Ku ɗiba. In bai isa ba ku ƙara." Da ta noƙe, da likita da wuƙarsa ba abin da za su iya.

Sahura ta farka da wata murya na kiran sunanta. Ba ta gane ta ba da farko, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan muryar ba. Ta buɗe ido ta ga uwarta na kallonta ido cikin ido. Ta kai hannu cikinta ta ji ya faɗa. Ta ce, "Inna, ina yake?" Tabawa ta ce, "Allah ya karɓi abinsa, Sahura. Namiji ne." An riga an binne shi a maƙabartar birni, Isiyaku ne ya ɗauke shi a hannu biyu, baƙin da bai san sunansu ba suka raka shi. Sahura ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai har yau.

Da ta ɗan sami ƙarfi, malamar da ke kula da ita, wata dattijuwa mai tabarau, ta tara su ukun bakin gado. Ta ce, "Yaushe fuskarta ta fara kumbura?" Tabawa ta ce tun farkon zuwanta gida. Isiyaku ya ɗago kai ya dube ta. Malamar ta ce, "Ta yi ciwon kai, ko idonta ya yi duhu?" Isiyaku ya ce ta yi, kasuwa ta zagayo ta sake zagayowa tana yi. Tabawa ta juyo ta dube shi. Malamar ta ce, "Motsin yaron fa?" Barira ta fashe da kuka kafin ta amsa. A nan ne, a bakin gadon nan, abin da ya kamata a haɗa tun a zaure ya haɗu.

Malamar ba ta yi musu faɗa ba, da ma ta yi da ya fi musu sauƙi. Ta ce, "Amai da kwaɗayi da kasala da ɗan kumburin ƙafa, waɗannan kayan ciki ne. Amma kumburin fuska da hannu, ciwon kan da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi, ciwo ƙarƙashin haƙarƙari, yaro ya rage motsi, ko jini, ko ruwa ya fashe kafin lokaci, ko zazzaɓi mai zafi, ko ɗaya daga cikinsu ya isa a rugo da mace. Jininta ne ya hau saboda cikin. Da an auna da an gani, kuma akwai abin da ake yi. Ban ce lallai da ya rayu ba, rai na Allah ne. Amma da an ba shi dama." Sahura ta juya fuskarta bango, don ita ma ta san wadda ta ce awon me.

Suka koma gida, kowa da abin da ya biya. Tabawa ta zama abin nuni a Kukar Bako, matar da ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a ta kuma ture mijinta daga ƙofa. Isiyaku ya rasa jirgin gado, ya koma bin jirgin wasu ana ba shi abin da aka ga dama. Mijin Barira ya kore ta gidansu, sai da dattawa suka shiga suka fita kafin ta koma ɗakinta. Amma ba wannan ke hana su barci ba. Tabawa in ta watsa wa kaji tsaba sai hawaye ya zubo mata. Isiyaku ya daina bi ta gaban kemis ɗin nan. Barira kuwa, mai cika gida da dariya, in wata mai ciki ta tambaye ta abu yanzu sai ta ce, "Ban sani ba, je ki a duba ki." Sahura ba ta taɓa ɗora wa ɗayansu laifi da baki ba. Ta yaya za ta yi? Numfashin da take ja, na ukun ne. Amma in ta ga sa'o'in ɗanta suna rarrafe, zuciyarta takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, me ya hana ka magana?

Damina biyu ta wuce, ƙarnin kifi ya sake korar Sahura bayan ɗaki. Wannan karon da bakinta ta faɗa, kuma da ƙafarta ta shiga jirgi ta je awo. Malamar nan mai tabarau ta auna ta, ta ce lafiya lau a yanzu, amma wadda abin ya taɓa kamawa yana iya dawo mata, wani lokaci ba sallama. Ta ce, "Ki zaɓi mutum ɗaya da za ki zauna kusa da shi har ki haihu. Shi za ki gaya wa komai, babba da ƙarami. Shi zai riƙa rako ki nan, kuma in ya ce a tafi asibiti ba mai cewa a jira." Sahura ta ce, "Ina da mutum uku." Malamar ta ce, "Wancan karon ma uku gare ki, 'yata. Ɗaya nake so, wanda ya san in bai yi magana ba babu mai yi." Manyan gidajen biyu suka zauna suka amince, duk wanda ta zaɓa, maganarsa ce magana.

Ukun suka zo mata, kowa da roƙonsa. Tabawa ta ce, "Sahura, bakina ya buɗe, ba zai sake rufuwa ba. Ni na san fuskar ciwon nan tun kafin a haife ki." Gaskiya ne, amma ita ce ta sani sarai ta gaya wa kaji, kuma gidanta can yake nesa da mashigi. Isiyaku ya ce, "Ɗana ne ya tafi, ni na binne shi. Ki zauna ɗakinki, ga ruwa ga jirgi, ba zauren da zai ɗaure mini harshe." Gaskiya ne, amma shi aka gaya wa da baki har sau biyu ya amsa da ƙwayar kemis, kuma rabin yininsa a tsakiyar gulbi yake. Barira ta ce, "Jinina ke yawo a jikinki, ƙawata. Ni kaɗai kike iya gaya wa abin da ba kya gaya wa uwa ko miji." Gaskiya ne, amma ranar da Sahura da kanta ta ce ko ta je awo, ita ce ta mai da ita da dariya, kuma ita ma a ƙarƙashin izinin wani take.

Sahura ta zauna bakin ɗakinta, hannu a kan cikin da bai fara motsi ba tukuna. Duk wanda ta zaɓa, ta ce wa sauran biyun ba ta yafe ba, ko da ba haka take nufi ba. In kuma ta zaɓa ba daidai ba, ba ta da tabbacin gulbi zai sake barin su wuce.

To, jama'a, ga ta nan na ajiye muku a tsakiya. Uwar da ta gani ta yi shiru, sannan ta fitar da ita daga gida. Mijin da ya ji ya yi shiru, sannan ya ƙetarar da ita. Ƙawar da aka tambaya ta ce ba komai, sannan ta ba ta jininta. Wane ne a cikinsu ya fi cancanta Sahura ta danƙa wa ranta da na wannan yaron?